Likita na zargin alkama ce ke damuna: yaya ake rayuwa a Kaduna ba burodi ba taliya?

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Wata matsala ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya na kawo gabanku, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya da kuma waɗanda irin wannan lalura ta taɓa shiga gidajensu.

Na yi shekaru ina fama da kumburin ciki da murɗawa bayan cin abinci, wani lokaci gudawa, wani lokaci kuma bahaya ya ƙi fita, ga wata kasala da ke saukar mini tun kafin azahar har in kasa taɓuka komai a wurin aiki. An yi mini maganin olsa, an yi na taifot, an ba ni na tsutsar ciki. Duk lokacin da aka auna jinina sai a ce ya yi ƙasa, a rubuta mini ƙwayoyin ƙarin jini in sha har su ƙare, amma da an sake aunawa sai a tarar yana nan inda yake. Kwanakin baya Allah ya haɗa ni da wani likita da ya zauna ya saurare ni da kyau, ya tambaye ni abin da nake ci tun daga safe har dare. Da na lissafa masa cewa shayi da burodi ne da safe, taliya ko indomi da rana, sannan tuwon semo da dare saboda shi maigida ya fi so, sai ya ce yana zargin jikina ba ya jituwa da gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama, kuma ya rubuta mini gwajin jini.

Ban samu damar yin gwajin ba tukuna, saboda kuɗinsa da kuma hidimomin da suka taso mana, amma tun ranar na ajiye burodi da taliya da semo, kuma babu shakka na ji sauƙin da na daɗe ban ji irinsa ba. Sai dai abin yakan dawo jefi-jefi ba tare da na san abin da na ci ba, kamar ranar da na ci ɗanwake a gidan maƙwabciyata na kwana ina juyi.

Abin da nake son sani shi ne, tunda na riga na ji sauƙi, akwai sauran buƙatar in kashe kuɗi a kan gwajin, ko kuwa in ci gaba da ƙauracewa alkama kawai? Sannan waɗanne abinci ne na yau da kullum ake saka musu fulawa ba tare da mai ci ya sani ba? Gidanmu babban gida ne, da surukata da ƙannen maigida duk tukunya ɗaya muke ci, kuma tuni an fara cewa tsirfa ce irin ta 'yan boko, wai iyayenmu sun ci gurasa da funkaso ba abin da ya same su. Ina so in san yadda waɗanda suka riga ni shiga wannan hali suke tafiyar da girki da zuwa biki ba tare da sun ɓata da dangi ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamar Asibiti, Barnawa

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Zan tsaya a kan tambayarki ta farko domin ita ce uwar sauran: gwajin yana da muhimmanci, kuma ina roƙonki ki koma wurin likitan ki gaya masa kin daina cin alkama kafin a ɗebi jininki. Dalili kuwa shi ne gwajin yana neman alamar faɗan da jiki ke yi da gulutin ne, idan kuwa an daɗe ba a ci ba sai faɗan ya lafa, sakamako ya fito kamar lafiya lau alhali cutar tana nan. Mai yiwuwa likitan ya ce ki koma cin burodi kullum na wasu makonni kafin gwajin. Na san wannan ba abu ne mai daɗin ji ba ga wadda ta fara samun sauƙi, amma shi ne zai raba gardama.

Lalurori uku ne mutane ke haɗawa wuri guda. Akwai cutar siliyak, wadda a cikinta garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa bangon ƙaramin hanji duk lokacin da gulutin ya iso wurin. Cikin hanjin mai lafiya yana da wasu ƙananan tsiro masu yawan gaske, kamar gashin sabon tawul, waɗanda su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi jini, to cutar tana sa su kwanta su shafe. Farkon ƙaramin hanji, inda ake tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini, shi ne wurin da ya fi shan wahala, shi ya sa maganarki ta jinin da ya ƙi hawa duk da shan magani ta ja hankalina fiye da kumburin cikin. Akwai kuma borin jini na alkama, wanda ke tasowa da sauri bayan an ci, da ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi. Ta uku ita ce wadda mutum ke jin ciwo idan ya ci alkama, ya samu sauƙi idan ya bari, amma gwaji bai nuna siliyak ko borin jini ba, kuma hanjinsa bai lalace ba. Wannan ta ukun ba ta da gwaji nata na kanta, sai an kore biyun farko ake kiran sunanta.

Bambancin ba na suna ba ne kawai. Mai lalura ta uku yana iya gano iyakar abin da jikinsa ke ɗauka ya tsaya a nan. Mai siliyak kuwa rabuwa ce ta har abada da alkama da sha'ir da hatsin da Turawa ke kira rye, har da ɗan ɓurɓushin da ido ba ya gani, domin hanjin yana iya ci gaba da lalacewa ko da mutum bai ji ciwo ba. Idan aka bar ta tana jawo ƙarancin jini da raunin ƙashi, tana hana yara girma, kuma a wasu mata tana da hannu a ɓari ko jinkirin samun ciki. Wasu ma ba ta cikinsu take bayyana ba, sai dai ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Ba daidai ba ne mace ta ɗora wa kanta irin wannan doka mai tsauri bisa zato, kuma ba daidai ba ne ta yi sakaci da ita idan da gaske tana da cutar.

Gwajin jinin da aka fi farawa da shi sunansa tTG-IgA, kuma akan haɗa shi da auna yawan IgA, wani sinadarin garkuwar jiki, na jiki gaba ɗaya, saboda akwai mutanen da nasu ke da ƙaranci tun asali har ya ɓoye sakamakon. Idan ya nuna alama, a wurin manya akan tabbatar ta hanyar zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki a ɗebo ɗan ƙaramin yanki na hanji a duba. Ki nemi a tura ki wurin ƙwararren likitan ciki da hanji, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Game da masu cewa tsirfa ce, ko kuma cutar Turawa ce, ƙiyasin da masana suka fi yarda da shi shi ne kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da siliyak, kuma yawancinsu ba su sani ba. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu ma a nahiyarmu aka same shi, a binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda aka tarar da ita a jikin fiye da yara 5 cikin 100. Ita kanta alaƙar cutar da alkama ba a daɗe da gane ta ba. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya lura cewa yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi ƙaranci, suka kuma koma ciwo da alkama ta dawo, ya rubuta sakamakonsa a 1950. Iyayenmu sun ci gurasa da funkaso, gaskiya ne, amma gero da dawa su ne cimarsu ta kullum, ba su ci alkama sau uku a yini kamar yadda kika lissafa ba.

Uwar Biyu, Tudun Wada

'Yar'uwa sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ki riƙe maganar Malama da kyau. Ni ɗiyata ce aka tabbatar tana da siliyak tun tana ƙarama, bayan ta daina girma, cikinta ya yi tulu, ƙafafunta suka sirance, don haka abin da zan faɗa miki na ɗakin girki ne.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ganin cewa abincinmu na gado kusan duka halal ne gare ta. Tuwon masara da na dawa da na shinkafa, da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe, babu gulutin a cikinsu. Haka fura da nono, da koko da ƙosai, da alale, da kunun gyaɗa, da dambun masara ko na tsakin shinkafa, da shinkafa da wake, da doya da dankali da rogo da duk abin da aka yi da su, kamar sakwara da teba da tuwon alabo. Nama da kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itatuwa duk lafiya lau ne. Abin da aka rufe mata ƙofarsa shi ne burodi, taliya, makaroni, indomi, semo, kuskus na kanti, tuwon alkama, gurasa, funkaso, fanke, cincin, biskit, kek, da kayan gara irin su alkaki da dubulan da gireba. Na bayyanen ba su ne ke wahalar da mutum ba, na ɓoyen ne.

Ɗanwaken da kika ci misali ne babba. Na asali da garin wake da na rogo da kuka da kanwa ake yin sa, wasu su ƙara dawa, amma yau gidaje da yawa da masu sayarwa fulawa suke kwaɓawa domin ta fi sauƙi. Waina ma wasu suna barbaɗa wa ƙullun fulawa don ta yi laushi ta kama jikinta. Garin kunun da ake haɗawa a sayar a roba domin yara da masu jego sau da yawa akwai alkama a cikin hatsin da aka haɗa. Wasu dunƙulen magi da garin ɗanɗano suna da alkama, wasu ba su da ita, kuma kamfani yana iya canza haɗinsa, shi ya sa nake karanta bayan kwali duk lokacin da na saya, ba sau ɗaya kawai ba. Da yake da Turanci ake rubutawa, kalmomin da nake nema su ne wheat, barley, rye, semolina da malt. Lemon malt da garin shayi mai malt ba na ba ta sai na ga an fayyace irin hatsin da aka yi amfani da shi, domin wasu da sha'ir ake yi.

Amma babban abin da ya daɗe yana mayar mana da hannun agogo baya shi ne injin niƙa. Na share komai daga gida, ina kai masara tsabtatacciya niƙa, yarinya kuma tana ta ciwo. Wata rana na tsaya a layi da kaina maimakon in aiki yaro, sai na ga matar da ke gabana ta juye alkama an niƙa mata, mai injin ya ɗan bubbuga bakin injin da tafin hannunsa, ya karɓi kwanona ya juye masarata a kai. Garin da ya fara zubowa cikin buhuna launinsa ma ya bambanta da na ƙarshe. Daga nan na riƙa ba shi masara daban ya fara wucewa da ita, in ware wannan garin domin sauran mutanen gida, sannan a niƙa nata. Hakan ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba, sai da muka yi adashe muka sayi ƙaramin inji na gida wanda alkama ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Idan gwajinki ya nuna siliyak, ki sa wannan a lissafinki tun da wuri. Garin da aka niƙa aka auna a mudu a kasuwa shi ma ba ki san injin da ya bi ba.

Sai man suya. Mai ƙosai da ke soya fanke a kasko ɗaya, ƙosanta ya tashi daga halal a wurinmu, haka dankali ko doyar da aka soya a man da aka soya kifi mai fulawa. A gida na ware mata rariya da muciya da ludayi da matsamin taliya, domin su ne ke riƙe gari a ramukansu. Tukunyar ƙarfe kuwa wanki mai kyau da sabulu ya ishe ta. Ko gwangwanin bota nata daban ne, saboda wuƙar da ta shafi burodi tana komawa ciki da ɓurɓushi.

Maganar surukai kuwa, ni ban tsaya yi wa kakarta dogon bayani ba. Na roƙi mahaifinta ya tafi da Hajiya asibiti ranar ganin likita ta ji da kunnenta, kuma tun daga ranar ita ce ke tare masu miƙa wa yarinyar biskit. Ki bar maigida ya isar da maganar ga mahaifiyarsa, ta fi karɓuwa daga bakinsa. Ki kuma koma da tuwon dare na gidan gaba ɗaya zuwa masara ko shinkafa idan za su yarda, domin girki biyu kullum yana gajiyar da mace. Idan za mu biki tana ci ta ƙoshi kafin mu fita, in riƙe mata dakuwa ko gyaɗa ko ayaba a jaka, a can kuma mu tsaya a kan farar shinkafa da naman da ba a turbuɗa a gari ba. Abin da aka ba mu na gara muna karɓa da godiya mu kawo wa 'yan gida.

Baban Sadiq, Kawo

Hajiya, Allah ya ƙara afuwa. Ni ina cikin kashi na ukun da Malama ta ambata, kuma ina so in ja hankali a kan wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. An yi mini gwajin siliyak ina cin alkama, bai nuna komai ba. Likita ya sa na bar ta na wani lokaci ina rubuta abin da na ci da yadda na kwana, sannan ya sa na dawo da ita da gangan domin a ga ko ciwon zai dawo, ya kuwa dawo. Amma a cikin rubutun nan ne muka lura cewa ranar da aka cika albasa da tafarnuwa a miya cikina yana kumbura ko ban kusanci burodi ba.

Bayanin da aka yi mini shi ne alkama ba gulutin kaɗai ta ƙunsa ba. Tana da wani nau'in sukari mai suna furuktan wanda hanji ba ya narkarwa da kyau, sai ƙwayoyin halittar da ke cikin babban hanji su ruɓar da shi ya zama iska, kuma irinsa ne ke cikin albasa da tafarnuwa. Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Ostireliya sun wallafa wani aiki a 2013 inda suka ga cewa mutanen da ke ganin gulutin ne ke damunsu sun samu sauƙi da aka rage musu irin waɗannan sukarin, kuma da aka dawo musu da gulutin a ɓoye ba a ga wani tasiri nasa na musamman ba a wurin mafi yawansu. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne, yana nufin mai laifin yana iya zama wani daban. A yankinmu kuma akwai abubuwa da yawa da ke kawo irin waɗannan alamu, kamar ƙwayar cutar da ke jawo olsa, da cututtukan gurɓataccen ruwa, da rashin jituwa da madara. Wanda ya ga jini a bahaya, ko yana ramewa ba dalili, kada ya tsaya canza abinci, asibiti zai nufa.

Abu na biyu da ke damuna shi ne kasuwancin da ya taso a kan lamarin. Za ki ga garin ƙasar waje a manyan kantuna da tsadar da ta ninka ta shinkafa sau da yawa, da masu tallar maganin wanke hanji a waya suna cewa yana warkar da cutar gulutin. Siliyak ba ta da wani magani da aka tabbatar in ban da barin gulutin, kuma biskit ɗin da aka rubuta masa babu gulutin yana iya fin na alkama sukari da mai. Ƙa'idar da hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta gindaya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya kafin a yi wannan rubutu, to gero da masarar da aka niƙa a inji mai tsabta ba su buƙatar kowa ya yi musu tambari.

Sai dai a kula da abu guda. A Najeriya doka ta sa ana ƙara wa fulawar kamfani sinadarai kamar bitamin A da ƙarfe, don haka wanda ya bar ta ya koma kan farar shinkafa da teba kaɗai ya yi asara ta wani gefen. Ki yawaita wake da zogale da alayyafo da hanta da gyaɗa da gero, musamman ke da jininki ke ƙasa. Masu ciwon suga da aka saba ce musu su koma tuwon alkama su ma su sani cewa siliyak ta fi yawa a cikin masu nau'in farko na ciwon, wanda ke kama yara da matasa, don haka idan alkamar tana tayar musu da ciki su faɗa wa likita.

Ɗan Kagoro, Sabon Tasha

Mama sannu da jiki, Allah ya warkar. Ban ga wanda ya ambaci acca ba, alhali a jiharmu ake noma ta, a Kudancin Kaduna da kuma maƙwabtanmu na Filato, kuma ba ta da gulutin ko kaɗan. Ita da 'yar'uwarta iburu sun daɗe suna ciyar da mutanenmu a ƙasar da ba ta da ƙarfi sosai, domin acca tana nuna da wuri, tana fitar da manomi daga yunwar tsakiyar damina kafin sauran hatsi su iso.

Duk abin da kike yi da kuskus kina iya yi da ita. Ana turara ta ta yi warwar a ci da miya, ana dafa ta dafa-duka, ana tuƙa tuwonta, ana dama kununta da madara ko gyaɗa domin karin kumallo, sannan ga faten acca da yakuwa da alayyafo da gauta, wanda a wurinmu shi ne abincin da ake ba marar lafiya. Wahalarta ɗaya ce, yashi. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kuma wadda aka sussuka a ƙasa sai an rege ta a ruwa da ƙwarya biyu, ana juyawa a hankali daga wannan zuwa waccan har yashin ya kwanta a gindi, a maimaita har sai an daina jin ƙasa a ƙarƙashin yatsa. Idan za ki saya a Kasuwar Sheikh Gumi ko wurin matan da ke kawowa daga Kafanchan, ki tambayi wankakkiya, ki ɗan tauna kaɗan kafin ki biya. Ta fi masara tsada, don haka a gidana ba kullum ake cin ta ba, muna karɓa-karɓa ne da dawa da shinkafa. Ki sayi ƙwayarta maimakon garinta, saboda dalilin injin da Uwar Biyu ta bayyana.

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na nuna wa maigida bayananku, ya ce zai raka ni wurin likita mu ji yadda za a tsara komawa cin alkamar kafin gwajin, kuma shi zai yi wa Hajiya magana. Malama, sauran tambaya biyu: idan aka tabbatar ina da siliyak, yarana ma sai na hana su burodi? Kuma tsawon wane lokaci hanjin ke ɗauka kafin ya koma daidai? Ƙaramar tawa ba ta da jiki sosai, kuma tun da na karanta labarin ɗiyar Uwar Biyu hankalina yake kanta.

Malamar Asibiti, Barnawa

Kada ki hana su tukuna, Maman Ilham, domin dalilin da ya shafe ki ya shafe su: idan aka cire musu alkama kafin gwaji, sakamakon ba zai faɗi gaskiya ba. Cutar tana bin jini, kuma a cikin dangi na kusa, wato iyaye da 'ya'ya da waɗanda ake ciki ɗaya da su, kusan mutum 1 cikin 10 akan same shi da ita, shi ya sa ake ba da shawarar a gwada su idan an tabbatar da naki, ko da ba su da wata alama. Ita ƙaramar ki tafi da ita tare da katinta na awo, likita ya duba yadda nauyinta da tsayinta suka tafi tun daga haihuwa, domin rashin jiki yana da dalilai da yawa kuma layin awon yana taimakawa wajen rarrabewa.

Game da warkewa, kumburi da gudawa sukan lafa cikin makonni bayan an bar gulutin gaba ɗaya. Hanjin yara yakan farfaɗo cikin watanni, na manya kuwa yana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye da haka. A farkon lokacin wasu sukan ga madara ma tana tayar musu da ciki, saboda sinadarin da ke narkar da ita a kan waɗannan tsiron da suka shafe yake, kuma yawanci hakan yana wucewa idan hanjin ya warke, kindirmo kuma ya fi ɗanyar madara sauƙin karɓuwa. Za a ci gaba da ba ki maganin ƙarin jini, mai yiwuwa a duba bitamin D da ƙarfin ƙashinki, sannan a maimaita tTG-IgA bayan wasu watanni, domin saukarsa ce ke nuna cewa babu gulutin da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya. Ranar da za ki je ki tafi da duk takardun awon jininki na baya da sunayen magungunan da kika sha, kuma ki rubuta ranar da kika daina cin alkama, domin da ita likitan zai yanke tsawon makonnin da za ki koma ci kafin a ɗebi jinin.